Babi na Huɗu: Tantance Asali da Shekarun Kayan Adon Ƙarfe da Gilashi a Ƙasar Yauri

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan wata matsala da manazarcin tarihin ƙasar Yauri kan ci karo da ita, wato yadda za a gane asali da shekarun wani abin ado na ƙarfe da gilashi da aka gada ko aka tsinta a gaɓar tafkin Kainji. Sau da yawa idan aka rasa sanin mafarin irin wannan abu, akan jingina shi ga Bature Mungo Park. Babin zai auna wannan ra'ayi da hujjojin tarihi.

4.1 Kayan Turawan Farko

Mungo Park ya biyo kogin Kwara ya iso Yauri a farkon shekarar 1806, daga nan ya wuce Busa inda ya rasu. Tafintansa Amadi Fatuma, wanda ya rabu da shi a Yauri, ya ambaci bindiga da takobi da zobban azurfa a cikin kyautar da Park ya bari. Haka kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri a 1830 suna neman takardun Park, su ma sun raba nasu kyaututtukan. Ke nan ko da an tabbatar cewa abu na Turai ne, wannan bai isa a ce na Park ba ne, domin akwai tazarar shekara 24 tsakanin baƙin biyu.

4.2 Sauran Hanyoyin Shigowar Kaya

Yauri tana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, ga kuma jiragen ruwa da ke haɗa ta da ƙasar Nufe. A Bida, Masaga sun daɗe suna narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, ga kuma maƙeran tagulla, kamar yadda Nadel ya bayyana a 1942. Bugu da ƙari, tonon da aka yi a Igbo Olokun ta Ile-Ife ya nuna cewa ana yin gilashi a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Saboda haka ganin gilashi a jikin abu ba hujja ba ce ta cewa daga Turai ya fito.

4.3 Hanyoyin Tantancewa

Hanya ta farko ita ce duban wurin da aka samu abin. Awon kabon ba ya aiki a kan gilashi ko tagulla, sai a kan gawayi ko ƙashin da aka tarar tare da su. Da irin wannan awo ne aka gane cewa wani kufai kusa da Yelwa, wanda su Priddy suka tona, mutane sun zauna a cikinsa tun tsakanin ƙarni na 2 da na 7.

Hanya ta biyu ita ce duban ƙirar. Gilashin da aka matsa da inji a cikin mazubi yakan bar layin haɗi a jikinsa, kuma wannan fasaha ta fara ne a Amurka cikin shekarun 1820. Duk abin da aka matsa da irin wannan inji, an yi shi ne bayan rasuwar Park. Azurfar Ingila kuwa takan zo da hatimi mai harafin da ke nuna shekarar da aka auna ta.

Hanya ta uku ita ce awon sinadari. Tsohuwar hanyar haɗa tagulla ba ta ba da tutiya fiye da kashi ɗaya cikin uku, don haka wadda ta zarce wannan ta fi kama da aikin ƙarni na 19 ko bayansa. Gilashin Ife kuma yana da haɗin da ya bambanta shi da na Turai.

4.4 Kammalawa

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000. Masu tonon ceto irin su Priddy da Breternitz sun kai ga wurare kaɗan ne kafin ruwan ya iso. Wannan ya sa kayan da suka rage a hannun jama'ar Yauri da Ngaski da Shanga suka ƙara daraja. Idan aka gaggauta danganta su ga Bature ba tare da bin hanyoyin nan uku ba, za a tauye wa maƙeran ƙasar nan haƙƙinsu, a kuma rasa shaidar cinikin da Yauri ta yi da maƙwabtanta tun kafin zuwan Turawa.