Likita Mila da Yaransa a Birnin Zazzau

Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Turawan mishan da suka zo ƙasar Hausa sun gane gaskiyar wannan magana, amma ba su gane ta ba sai da suka sha wuya wajen manya. Labarin Likita Mila da makarantarsa ta Zariya shi ne zai nuna yadda abin ya gudana.

Wannan Bature, wanda sunansa na yanka Walter Miller, an haife shi a Ingila cikin shekarar 1872. Ya karanta aikin likita, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda a ke kira C.M.S. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ya zauna cikin fatake da maniyyata haji, yana koyon Hausa daga bakin masu ita. Cikin 1900 ya biyo Bishof Tugwell da waɗansu abokan tafiya, suka nufi Kano. A lokacin Turawa ba su ci ƙasar ba tukuna. Sarkin Kano Alu ya ji abin da ke tafe da su, ya ce ba ya bukata, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga garinsa. Suka juya kudu, suka sauka Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari, cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addinin Musulunci ba. Saboda wannan alkawari aka riƙa hana 'yan mishan zama cikin biranen Musulmi. Amma Likita Mila ya sami izni, ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani, yana wanke gyambo, yana ba da magani, yana kuma wa'azi. Mutane suka yi ta zuwa karɓar magani, suna godiya, suna yaba Hausarsa. Amma zancen barin addini kuwa, sai ɗai ɗai. Mutumin da ya sauke Alkur'ani tun yana yaro, ya ga iyayensa da kakanninsa a kan salla, ba ƙwayar magani ce za ta juya shi ba.

To, da ya ga haka sai ya mai da hankalinsa ga makaranta. Da fari nufinsa shi ne Gwamnati ta ba shi 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu karatun boko. Aka soma da waɗansu malamai, amma abin bai yi nisa ba. Sarakuna suka ƙi sakin 'ya'yansu, don sun san wanda ya rene yaro shi ke da zuciyarsa. Turawan mulki kuma suka ji tsoron kada a ce sun karya alkawari. Saboda haka cikin 1909 Gwamnati ta buɗe tata makaranta a Nasarawa ta Kano, ta sa Ɗan Hausa ya riƙe ta, ba a koyar da addinin Kirista a ciki.

Likita Mila bai fid da rai ba. Ya tara 'yan yaran da ya iya samu, marayu da 'ya'yan waɗanda suka bi shi, ya ajiye su cikin gidansa. Nan su ke ci, nan su ke kwana, nan su ke karatu. Da asuba a yi addu'a, a karanta Linjila da Hausa, sa'an nan a shiga karatu da rubutu da lissafi da Turanci. Ya kasance mutum mai zafin horo, amma yana riƙon yaran kamar 'ya'yan cikinsa, shi da bai taɓa aure ba. Har wa yau akwai zuriyar da ke amsa sunan Miller a ƙasar Zazzau saboda wannan riƙo.

Abin da ya ƙara wa makarantar yara ya zo ne ta inda ba a zata ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin karatunsa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka kashe shi, almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau. Su ne a ke kira Isawa. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila, suka karɓi addinin Kirista. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da coci da makaranta, aka sa wani baƙar fata mai wa'azi, Thompson, ya zauna tare da su. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, cikin 'yan shekaru kaɗan ƙauyen ya tashi. Yaran da suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya, suka zama ƙashin bayan makarantar.

Zaman mishan cikin ganuwa bai daina damun Sarki da malamai ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne yara. Uba ya kan ga ɗansa yana leƙen gidan Likita, yana sha'awar allo da alli da ƙwallo, sai hankalinsa ya tashi, ya ce yau karatu, gobe ridda. Su kuwa 'yan mishan suna ganin aikin Allah su ke yi, suna kuma fid da yara daga jahilci da cuta. Kowane ɓangare yana da abin da ya ke tsoron rasawa. Daga bisani aka daidaita a kan mishan ta fita daga birni. Cikin 1929 ta koma Wusasa, gindin dutse, yamma da Zariya. Can aka gina cocin Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, aka kafa asibiti da makarantun kwana na maza da na mata. Shi Likita Mila bai zauna Wusasa ba. Ya koma ga aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da waɗansu, aka buga shi cikakke a 1932. Ya rasu a Bukuru ta ƙasar Jos cikin 1952.

In an ƙidaya Hausawan da suka bar Musulunci ta hannun wannan mishan, ba su taka kara sun karya ba. Amma in an dubi abin da yaran suka zama, sai a ga abin mamaki. Daga cikinsu ne aka sami Dokta Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Ikko da Birmingham ta Ingila, ya zama ɗan Arewa na farko da ya sami shaidar aikin likita irin na Turawa. Shi ne aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna cikin 1949, ya zauna kan kujera alhali mafi yawan 'yan taron Musulmi ne. Akwai Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, littafin da masu karatun Hausa suka sani. Akwai Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon kuma, wanda ya mulki Nijeriya cikin waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi, nan ya fara karatu, domin mahaifinsa mai wa'azi ne a wurin.

Iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa gidan Likita ba a ce sun yi wauta ba, gama addininsu su ke tsaro, kuma sun gane cewa makarantar ba karatu kaɗai ta ke nufi ba. Sai dai tsoron nan ya shafi boko duka, har makarantun Gwamnati da na En'e waɗanda ba ruwansu da coci, ya sa Arewa ta yi jinkiri ƙwarai. Da lokacin mulkin kai ya matso, aka nemi likitoci da akawuna da malaman makaranta 'yan ƙasa, sai ga ƙauye guda kamar Wusasa ya fid da abin da manyan garuruwa ba su fitar ba.

Mai karatun da ya koyi a, ba, ca da furfura a kansa ya san zafin rashin samun ilmi da wuri. Yaran da Likita Mila ya samu ba 'ya'yan sarauta ba ne, galibinsu marayu ne da waɗanda annoba ta bari. Abin da ya ɗaga su shi ne an zauna da su kullum, an ciyad da su, an koya musu, ba a gaji ba. Wannan kuwa aiki ne da kowane uba zai iya yi wa ɗansa, ya sa shi makarantar allo da ta boko, ya kuma riƙa tambayarsa abin da ya karanta. Allah ya shirya zuriya, amin.