Masu Leƙen Ƙarƙashin Ƙasa: Daga Rai Buba Zuwa Duniyar Mars

Duk lokacin da gidajen rediyo suka kawo labarin cewa masana sun ga alamar ruwa a duniyar Mars, maganar da kan biyo baya a majalisunmu ɗaya ce: mutanen nan sun rasa abin yi da kuɗi. Ga mata nan suna tonon yashi a gadon kogi da rani, su kuwa suna can suna neman ruwa inda ba mutum ba dabba. Ban ga laifin mai wannan magana ba. Sai dai da na bi tarihin sana'ar, na tarar ashe mai neman ruwa a Mars da mai neman inda za a kafa rijiyar burtsatse a ƙauye almajiran makaranta ɗaya ne. Ilimin nasu shi ake kira jiyofiziks, wato auna abin da ke cikin ƙasa ba tare da an haƙa ta ba. Tarihin wannan ilimi nake so in bi, kuma zan fi tsayawa a arewacin Kamaru, domin a nan ne ake ganin amfaninsa da kuma hasarar da rashinsa ke jawowa.

Mu fara da ƙasar kanta. Daga Garwa zuwa Rai Buba samaniya ɗaya ce. Ruwan sama na shekara yakan kai kusan milimita 1,000, yana sauka daga Mayu zuwa Oktoba, sannan rani ya kankama har zafi ya haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙafa ya sha bamban. Garwa tana zaune ne a kan dutsen yashi, wanda ya taru tun zamanin da Afirka ke rabewa da Kudancin Amurka, a cikin babban kwarin da kogin Binuwai ke bi. Irin wannan dutse kamar soso yake, yana shan ruwa ya adana a tsakanin ƙwayoyinsa, shi ya sa rijiyar burtsatse, wadda mutanen can ke kira foraj, ba ta cika ba da kunya a kansa ba. A shekarar 1997 masana irin su Njitchoua da Naah suka wallafa bincike na musamman a kan asalin ruwan da ke cikin wannan dutse na Garwa da yadda yake samun ƙari.

Rai kuwa, masarautar da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, mafi yawan ƙasarta tana kan tsohon dutse mai tauri ne, irin giranit da 'yan'uwansa. Shi ba ya shan ruwa. Ruwa yana fakewa ne a wuri biyu kawai: a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, da kuma cikin tsagogin da suka keta shi. Saboda haka a ƙauye ɗaya sai a haƙa nan a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa, injin ya yi ta aman farar ƙura har kuɗi su ƙare. Ga Mayo Rai yana malala da damina, ga tafkin Lagdo da aka datse a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 a kusa, amma ƙauyen da ke kan tudu nesa da kogi abin da ke ƙarƙashinsa ne kawai nasa.

Kafin na'ura akwai mahaƙan rijiya, kuma su ne masu leƙen ƙasa na farko. Suna duba inda giginya da ɓaure suka yi kyau, da inda ciyawa ta jima ba ta bushe ba, da inda gara ta yi suri, sannan su karanta launin ƙasar da guga ke fitarwa gaba bayan gaba. Wani lokaci ma sukan tono abin da ya fi ruwa. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da icce a zurfin kusan mita 5. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone wurin a 1994: kwale-kwale ne mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa kusan 8,000. Shaida ce ta zamanin da yankin ke cike da ruwa, lokacin da Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000. Gaɓar wancan tafki tana nan har yau, tudun yashi ne da ya bi ta Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru ta Limani har Yagwa. Abin lura a nan shi ne, ƙasa tana ajiye tarihin ruwa, kuma wani ruwan da muke sha yau ajiyar wani zamani ne.

Na'urar da ta sauya sana'ar ta fito ne daga Faransa. A shekarar 1912 wani malamin makarantar ma'adinai ta Faris, Conrad Schlumberger, ya yi gwaji a filin gidansu da ke Normandi: ya saki wutar lantarki cikin ƙasa ya auna yadda take ratsawa. Har gobe wannan dabara ce aka fi amfani da ita wajen neman ruwa a ƙasashenmu. Ana kafa turaku huɗu na ƙarfe a jere. Biyun gefe su ake sakar wa wuta, biyun tsakiya su ke aunawa. Duk sa'ad da aka ƙara nesanta na gefen, wutar takan ƙara nitsawa, sai a sami labarin wuri mai zurfi. Busasshen dutse yana tare wuta, ruɓaɓɓe mai ɗauke da ruwa yana barin ta ta wuce. Amma akwai tarko: yumɓu ma yana barin wuta ta wuce, alhali shi riƙe ruwa yake yi ba ya saki. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ga alama mai kyau a takarda, a haƙa a tarar da laka. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta yumɓu, za mu sake haɗuwa da ita a wurin da ba a zata ba.

Lokacin da wannan ilimi ya iso yankinmu, hannun baƙi ne ya kawo shi. A Borno, daga ƙarshen shekarun 1950, aka yi ta haƙa rijiyoyi masu zurfin ɗaruruwan mita, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da kansa ba famfo ba guga. Makiyaya suka ji daɗi, garuruwa suka kafu. Da yawa daga cikin rijiyoyin aka bar su suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya yi ta raguwa. Daga baya masana, ciki har da na Jami'ar Maiduguri, suka auna shekarun ruwan suka tarar ya shiga ƙasa kimanin shekara 20,000 da suka wuce. Wato gado muke ci, damunar bana ba ta mayar da shi.

A ɓangaren ƙasashen da Faransa ta mulka, cibiyar bincike ta ORSTOM ce ta baza ma'aikata suna auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, zango bayan zango, a Kamaru da Chadi da Nijar. Inda dutse mai nauyi yake kusa, ƙarfin yakan ɗan ƙaru. Inda aka cike tsohon kwari da yashi da laka, yakan ɗan ragu. A 1970 Pierre Louis ya fitar da babban aikinsa a kan kwarin Tafkin Chadi, kuma irin wannan awo ne ya nuna manyan kwaruruka da ke binne, ciki har da na Doba a kudancin Chadi. Wanda ya fi kowa cin moriyar taswirar shi ne mai neman man fetur. A 2003 aka buɗe bututun da ya taso daga Doba zuwa Kiribi a bakin teku, tsawon kilomita 1,070, ya ratsa ta yankin Tuboro a cikin Mayo-Rai. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk tarihin: an san ƙarƙashin ƙasar nan sosai har an binne bututun mai a cikinta, amma sanin tsagar da za ta shayar da ƙauye bai sami ko kusa da wannan kulawa ba. Gaskiya ne an kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, gaskiya ne kuma farin 1973 da na 1984 sun sa gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun duƙufa haƙa rijiyoyi. Sai dai aikin gaggawa ba ya cika tsayawa rubuta abin da ya gani ba.

Daga nan sai ido ya koma sama. A Nuwamba 1981 kumbon Columbia na Amurka ya ɗauki na'urar rada, wadda ke aika saƙo ta saurari dawowarsa. Da ta bi ta kan hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan, saƙon ya ratsa busasshen rairayi ya nuna gadajen tsofaffin koguna da ba wanda ya san da su. Masanin nan ɗan Masar, Farouk El-Baz, wanda ya yi aiki da masu zuwa wata, ya shafe shekaru yana amfani da irin waɗannan hotuna wajen neman ruwa a hamada. Da rada aka leƙa ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika, inda aka tabbatar da tafkin Vostok a zurfin kusan kilomita 4. Kuma ita ce aka ɗora wa kumbon Mars Express na Turai da ya tashi a 2003.

A Yulin 2018 masanan Italiya, da jagorancin Roberto Orosei, suka bayyana cewa rada ta ga wani wuri mai ƙyalli a ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar kudu ta Mars, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, faɗin kusan kilomita 20, suka ce da alama tafki ne na ruwan gishiri. Duniya ta ɗauka. Bayan shekara uku wasu masanan jami'o'i suka fito suka ce a dakata, daskararren yumɓu ma yana iya ba da irin wannan ƙyalli. Ashe yumɓun da ke yaudarar mai turaku a Mayo-Rai shi ne dai ke hana masanan Mars barci, kuma har yanzu ba a rufe muhawarar ba.

Wani kumbon, InSight, ya sauka a Mars a Nuwamba 2018, ya saurari girgizar ƙasa fiye da 1,300 kafin ya mutu a ƙarshen 2022. A 2024 Vashan Wright na Jami'ar Kalifoniya a San Diego da Michael Manga na Berkeley suka lissafa saurin da girgizar ke ratsa duwatsu, suka ce abin da ya fi dacewa da awon shi ne ruwa a cikin tsagogin dutse mai tauri, a zurfin kilomita 11.5 zuwa 20. Ruwa a tsagar dutse: labarin Rai ke nan. Bambancin shi ne nasu ba ya haƙuwa, domin ko a nan duniya rami mafi zurfi da mutum ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba. Namu kuwa yana cikin mitoci goma-goma. Su suna ƙiyasi ne ba su da hanyar tabbatarwa, mu muna iya aunawa yau mu haƙa gobe mu ga ko mun yi daidai. Wannan gata ne babba, in mun san darajarsa.

A 2012 masanan hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya da na wata jami'ar Landan suka ƙiyasta cewa ruwan da ke ƙarƙashin Afirka ya ninka wanda nahiyar ke samu sabo a shekara fiye da sau 100. Amma sun yi gargaɗi cewa a kan tsohon dutse rijiya ba ta cika ba da abin da ya wuce na famfon hannu ba, kuma sai an zaɓi wuri da kula. Akwai kuma batun lafiyar ruwan: a kwarin Mayo Tsanaga, kusa da Marwa, bincike ya nuna sinadarin fulorayid mai yawa a wasu rijiyoyi, wanda ke ɓata haƙoran yara. Samun ruwa rabin aiki ne, sai an gwada shi.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne masu awon sun zama 'yan gida. Jami'ar Ngaundere ta tsaya da ƙafarta a 1993, tana da makarantar ilimin ƙasa da ma'adinai a Maiganga. Ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ganina abu uku ne ya rage. Na farko, kada hukuma ko ƙungiya ko attajiri mai sadaka ya biya kuɗin injin haƙa a kan tsohon dutse sai an fara awo, domin kuɗin awo kaɗan ne a kan hasarar busasshiyar rijiya. Na biyu, duk ramin da aka haƙa, ko ya ba da ruwa ko bai bayar ba, a rubuta zurfinsa da abin da aka tarar gaba-gaba, a ajiye kwafi a jami'a mafi kusa. Busasshen rami ma malami ne, in an rubuta darasinsa. Na uku, ɗalibai su zauna da tsofaffin mahaƙan rijiya tun suna da rai, su rubuta abin da suka sani game da kowace fadama da kowane tudu, domin na'ura tana ba da lamba ne kawai, fassarar sai wanda ya san ƙasar.

Masanan Mars suna adana kowane awo da kumbo ya aiko, har bayan na'urar ta mutu a ci gaba da ciro sabon sani daga ciki, kamar yadda aka yi da na InSight. Wannan ɗabi'a ce ya kamata mu ara, kuma ba ta buƙatar kumbo. Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙasar Rai da ta Garwa sun bayar gwargwadon abin da Allah Ya ajiye a cikinsu. Allah Ya sa kada mu zama gugan.