Da Wa Nasara Ya Yi Magana Kafin Ya Yanka Iyaka?

Bayan shirinmu na daren jiya wani dattijo ya kira ni, ya ce: "Ɗana, sarakan da suka tari Nasara ba yaƙi, wayo suka yi ko cin amana?" Na kwana da tambayar nan, shi ya sa na ce bari mu waiwaya.

A lakol an karantar da mu Voulet da Chanoine, yadda suka ƙone Birnin Ƙwanni a 1899, aka kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, su ma sojojinsu suka hallaka su wajen Mai Jirgi. Abin da ba a tsaya mana a kai ba shi ne halin da masu sarauta suka shiga, domin kowa shi kaɗai ya yanke shawara.

A Damagaram an kashe Kyaftin Cazemajou a Mayun 1898. Shekara ta zagayo, Faransa ta ci Zinder, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A Katsina kuwa, Sarki Abubakar ya karɓi Ingila ba faɗa a 1903, gari ya tsira, amma a 1904 suka tuɓe shi, a 1906 suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko. A Sakkwato, bayan yaƙin 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya rasu a Burmi, Waziri Buhari kuma ya komo ya zauna da Lugga, aka yi alkawari ba za a taɓa addini ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Sin, a Yunin 1900, fadar Beijing ta shelanta yaƙi da ƙasashen waje, amma manyan gwamnonin kudu, Zhang Zhidong da Liu Kunyi, suka ƙi bin umarnin, suka daidaita da jakadun Turawa a Shanghai. Lardunansu sun kuɓuta daga wuta, sai dai kowa ya gane fada ba ta da ta cewa. Shekara 12 bayan haka daular ta faɗi.

To ga inda zancen ya shafe mu. Duk wannan kai da komo, ba a fadar Tsibiri ko Maraɗi aka yanka iyaka ba. Yarjejeniyar Paris ta 14 ga Yunin 1898 ta ja da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato, layin ya bar Tsibiri da Maraɗi gefen Ingila, Tasawa gefen Faransa. Ke nan da ya zauna haka, ɗan Gidan Rumji da ɗan Agye yau ƙasarsu daban! Faransa ta koka ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder, aka gyara layin a 1904 da 1906, Tilho ya zo ya kafa alamomi. Rijiya ce ta mai da mu 'yan ƙasa guda.

Saboda haka, Baba, amsata ita ce: wanda ya yi sulhu ya ceci rayuka da rumbuna, wanda ya yi yaƙi ya bar mana suna, amma babu wanda aka tambaya ina layi zai bi. Duk ranar da aka rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya, gero ya tashi a kasuwa, layin nan ne muke biya.

In kakanku ya ba ku labarin zuwan Nasara garinku, ku kawo mana, mu ajiye shi kafin ya ɓace.