3.2 Matsalar Barin Aiki a Masana'antun Bompai, 1960 zuwa 1986

Kamar yadda aka bayyana a baya, bunƙasar unguwannin Gama da Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata tana da alaƙa da kafa masana'antun Bompai, domin nan ne leburori suke samun ɗakin haya mai araha, su kuma tafi aiki da ƙafa ko a keke. Sai dai tara ma'aikata bai taɓa zama wa masu masana'antun matsala ba. Riƙe su shi ne aiki.

Lubeck (1986), wanda ya yi nazarin leburorin Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne, cikinsu har da gardawa da suka shigo birni ta hanyar karatun allo. Irin wannan ma'aikaci bai ɗauki masana'anta gidan zama ba. Burinsa ya tara ɗan jari ya kafa tireda ko ya sayi keken ɗinki, ya zama mai cin gashin kansa. Wani kuwa ɗan cirani ne, da zarar damina ta faɗi sai ya koma gona.

Amma a ganin mai wannan bincike, ba adalci ba ne a ɗora wa leburori laifin duka. Yawancinsu aikin yini ake ɗaukarsu, kuma zamansu ko korarsu yana hannun foman, wanda kan sallami mutum saboda ƙaramin saɓani. Ko lokacin yin salla sai da aka yi ta ja-in-ja a kansa. Haka kuma, da aka ba da ƙarin albashin Adebo, sai da leburorin Kano suka yi yajin aiki a 1971 kafin wasu kamfanoni su biya, aka kuma sake irin wannan rikici a kan Udoji a 1975. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku, to amma wanda aka sallama kafin cikar wa'adin fa? Wanda bai san ko gobe yana da aiki ba, ba ya tsayawa ya ƙware a kan inji.

Bayan da gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai al'amarin ya juya. Darajar naira ta faɗi, kayan sarrafawa suka yi tsada, masana'antu suka shiga rage ma'aikata. Daga nan lebura ne yake neman a riƙe shi.