3.2 Takara Tsakanin Injin Turbin da Injin Fistin a Motocin Hawa

A wannan sashe za a dubi ƙoƙarin da aka daɗe ana yi na raba mota da injin fistin, a maye gurbinsa da injin turbin, wato irin injin jirgin sama wanda iska mai zafi take juya farfelarsa. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara fito da irin wannan mota a shekarar 1950, ya sa mata suna JET1. A 1952 ta yi gudun fiye da kilomita 240 a awa ɗaya a ƙasar Beljiyam.

To amma gwajin da ya fi fito da gaskiyar al'amarin shi ne na kamfanin Chrysler a Amurka. Tsakanin 1963 da 1964 ya ƙera motoci 55, sannan ya riƙa ba jama'a aron 50 daga cikinsu, kowa wata uku, har mutum 203 suka tuƙa su kafin 1966. Injin yana da abin yabo. Kayan cikinsa kaɗan ne, ba ya bukatar lagireto, ba ya jijjiga, kuma yana shan kananzir ko gas ko ma man girki. Sai dai fetur ɗin gidajen mai na wancan zamani yana da dalma, ita kuwa dalma illa take yi masa. Babban aibinsa ma ba wannan ba ne. Ko mota tana tsaye a silo, injin yana juyawa wajen sau 20,000 a minti ɗaya yana zuƙar mai, kuma idan direba ya taka totur sai ya ɗan jira kafin ta zabura. Mota kuwa ba jirgin sama ba ce. Rayuwarta duk tsayawa ce da tashi a cikin gari. Daga ƙarshe kamfanin ya farfasa yawancin motocin, tara kaɗai suka tsira, aikin kuma ya tsaya a 1979.

Wannan matsala ce ta sa aka gwada dabarar haɗaka a kan turbin. A wannan tsari ba turbin ne yake juya ƙafafun mota ba. Aikinsa kawai ya juya janareta a gudu guda wanda ya fi dacewa da shi, janareta ta cika batir, injin lantarki kuma ya ja motar. Kamfanin Toyota ya nuna irin wannan a jikin motarsa Century a Tokiyo a 1975, Volvo na Suwidin kuma ya nuna tasa mai suna ECC a Faris a 1992.

Idan aka duba da kyau, za a ga cewa dabarar ta yi maganin aibin turbin, amma ba shi kaɗai ta amfana ba. Shi ma injin fistin idan aka haɗa shi da batir yakan huta da zaman silo, ya rage shan mai. Bugu da ƙari, turbin ba ya son ƙanƙanta: gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon iskar da take sulalewa ta gefen farfela ba ta yi aiki ba. Ga tsadar ƙarfen da zai jure zafinsa, alhali masana'antun fistin da makanikansa sun riga sun cika duniya. Ba abin mamaki ba ne da Toyota ɗin da ya gwada turbin ya zo fitar da Prius kasuwa a 1997, sai ya sa mata fistin.

Har ila yau an sake gwadawa. A 2010 kamfanin Jaguar ya nuna C-X75 a Faris da ƙananan turbin guda biyu masu cika batir. Da aka zo maganar ƙera ta don sayarwa a 2011, sai aka cire su aka sa injin fistin mai silinda huɗu, a ƙarshen 2012 kuma aka soke shirin baki ɗaya.