Yadda Aka Kashe Elise, Sannan Aka Koma Neman Yarintarta

Da James Wan da Leigh Whannell sun san inda fim ɗin Insidious zai kai su, da wuya su kashe Elise Rainier a ƙarshensa. Amma sun kashe ta, kuma wannan kisan ne ya tilasta wa labarin tafiya da baya har ya isa Insidious: The Last Key na 2018.

Abokan biyu sun haɗu suna ɗalibai a Melbourne ta Ostareliya, suka yi suna da Saw a 2004, fim mai jini da azaba. Finafinan da Wan ya yi bayansa a 2007 ba su yi kasuwa ba, ga shi kuma an laƙaba masa sunan mai son zubar da jini. Sai ya nemi ya nuna zai iya tsorata mutane da ƙarar ƙofa da inuwa kawai. Suka haɗa kai da furodusa Jason Blum, wanda ya ƙware wajen yin fim da kuɗi kaɗan. Insidious ya ci kimanin dala miliyan 1.5, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Toronto a 2010, ya shiga silima a 2011, ya tara kusan dala miliyan 100.

Labarin na iyalin Lambert ne, waɗanda ɗansu ya yi dogon suma saboda kurwarsa ta ɓace a wata duhuwar duniya da fim ɗin ya kira The Further. Elise baƙuwa ce a ciki, dattijuwa mai ganin fatalwa da aka kira ta taimaka. Lin Shaye ce ta fito a matsayinta. An haife ta a Detroit a 1943, ta shafe shekaru tana ƙananan fitowa: malamar aji a A Nightmare on Elm Street na 1984, maƙwabciya mai ban dariya a There's Something About Mary na 1998. Ba wanda ya ɗauke ta a matsayin jarumar da za a jingina fim a kanta. Sai ga shi 'yan kallo ita suka riƙe, alhali Josh Lambert, uban yaron, da fatalwa ta shige shi, ya shaƙe ta kafin a rufe labule.

A kashi na biyu, 2013, an dawo da ita a matsayin matacciya mai taimako daga can. Dabara ce da ba ta maimaituwa. Don haka a 2015 Whannell, a karon farko da ya zama darakta, ya mayar da agogo baya: Elise tana raye, tana takaba a zuci bayan mijinta ya kashe kansa, ta daina aikin, har wata budurwa mai neman mahaifiyarta da ta rasu ta ƙwanƙwasa mata ƙofa.

The Last Key, wanda Adam Robitel ya ba da umarni Whannell ya rubuta, shi ya nutsa har ƙasa. Ya buɗe a 1953, a wani gari da aka kira Five Keys a jihar New Mexico, cikin gidan da ke jikin kurkukun da uban Elise, Gerald, ke aiki. Yarinyar tana cewa tana ganin matattu, uwar ta yarda da ita, uban kuma yana dukanta yana kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ta ƙaryata idonta. A can ne wani aljani mai makullai a madadin yatsu ya yaudare ta ta buɗe masa ƙofa, uwar ta mutu a daren. Da ta zama budurwa ta gudu, ta bar ƙaninta Christian a hannun uban, shi kuma ya tsufa da wannan ciwon a ransa.

Inda fim ɗin ya fi cizo, a ganina, babu aljani a wurin. Matar da Elise ta gani a gidan tana budurwa, ta ɗauka fatalwa ce, ashe rayayyiya ce da uban ya tsare. Baiwar da ake dukanta a kai ita ta rufe mata ido daga laifin da ke gabanta. Abin takaici, labarin ya koma ya ɗora wa aljanin alhakin muguntar Gerald, wanda ya rage wa uban nauyin da ya kamata ya ɗauka.

Masu sharhi da yawa sun kushe fim ɗin, ba kuma a banza ba, don barkwancin mataimakanta Specs da Tucker yakan faɗo inda ba a bukatarsa. Kasuwa ba ta saurare su ba: an kashe kimanin dala miliyan 10, aka samu sama da miliyan 160, jarumar kuwa mace ce 'yar shekara 74. Fim ɗin ya ƙare da kiran wayar Lorraine Lambert tana neman Elise ta zo ta duba jikanta, wato yaron da ya yi dogon suma a fim na farko. Sai a 2023, da Patrick Wilson ya ba da umarnin The Red Door, labarin ya sake fuskantar gaba ya koma kan iyalin Lambert.