Kaduna: Garin da Dogo da Bariki Suka Kafa

Kaduna ba ta cikin jerin tsofaffin biranen ƙasar Hausa masu ganuwa da fada, irin su Kano da Katsina da Zariya, domin kafin zuwan Turawa wurin daji ne na ƙasar Zazzau, wanda ƙauyukan Gbagyi suke warwatse a cikinsa a gefen kogi. Abin da ya mayar da shi gari shi ne layin dogo, wato hanyar jirgin ƙasa, wanda aka fara shimfiɗawa daga Baro a bakin Kwara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya tsallake kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Yawancin leburorin da suka sare dajin suka ɗauki ƙasa a ka talakawa ne da aka tattaro ta hannun sarakuna da hakimai, galibi ba da son ransu ba, kuma tarihi bai cika ba su haƙƙinsu ba.

Da Gwamna Lugga ya dawo Nijeriya a 1912, sai ya ga Zungeru ba ta dace da hedkwatar Arewa ba, ya zaɓi mashigin kogin Kaduna saboda yana da ruwa, yana kan dogo, kuma ba fadar wani sarki ba ne. Dakarun rundunar Afirka ta Yamma ne suka fara tarewa, sa'an nan ma'aikatan gwamnati suka biyo baya a 1917, don haka bariki ya girmi ofis a wannan gari. Hikimar a fili take, domin daga nan ana iya loda soja a tarago a kai su Kano ko kudu cikin ƙanƙanin lokaci, kuma taragon da ya kai soja shi ne zai komo da gyaɗa da auduga da fatu. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na Ikko a Kaduna, yayin da Zariya ta zama mahaɗar ƙaramin layin da ke ɗauko kuza daga Jos tun 1914, da kuma reshen Ƙaura Namoda na 1929.

Cibiyoyin soja sun bi dogon sau da ƙafa. A Zariya aka kafa Daffo a 1924, inda ake horar da kurata, wato sababbin shiga soja, kuma sunan barikin Kalapanzin da ke Kaduna yana tuna fagen daga na Bama, inda 'yan Arewa da yawa suka yi yaƙin duniya na biyu. A 1964 aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA da masana'antar makamai ta Kakuri, a 1976 kuma kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji. Wannan ƙarfi ya taɓa juyowa kan masu garin, domin a daren 15 ga Janairu 1966 Manjo Nzeogwu, wanda haifaffen Kaduna ne, ya jagoranci sojojin da suka kashe Firimiya Sardauna Ahmadu Bello a gidansa, aka kuma kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde, lamarin da ya buɗe ƙofar yaƙin basasa.

Bayan durƙushewar tsohon dogo, sabon layin Abuja mai tsawon kilomita 186 ya fara aiki daga tashar Rigasa a 2016, jama'a suka rungume shi don gudun masu garkuwa da mutane a kan titi. A ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa masa bam kusa da Katari, suka kashe fasinjoji suka kwashe wasu zuwa daji, jirgi bai dawo aiki ba sai a Disambar shekarar. Faruwar haka a jihar da ke ɗauke da hedkwatar Runduna ta Ɗaya da NDA da Jaji da Daffo babban abin kunya ne ga hukumomin tsaron ƙasar.